Hoton Mai Ludayi

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa a Birmingham, ba zan manta da wata Juma'a ta watan Oktoba ba, ranar da na so ƙasa ta tsage in shige a gaban iyaye da malamai.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a wata firamare a unguwar Aston ba. Na gama digiri na biyu, ga sabon aiki, kaina kuwa rawa yake yi. A ƙasar nan Oktoba ne watan da makarantu ke tunawa da tarihin baƙaƙen fata. A shekarar aka ce kowane malami ya kawo hoton wani baƙar fata da ya zame masa abin koyi, a liƙa a bangon ɗakin taro, a gayyato iyaye da malaman makarantun da ke kusa da mu. Ni aka ɗora wa haɗa bangon. Na ɗauki abin da zafi, don na ƙudurta cewa yaranmu sai sun ga irinsu cikin rigar likita da ta alƙali.

Hotuna suka yi ta zuwa: marubuta, masana kimiyya, 'yan gwagwarmaya. Ana saura kwana uku sai ofis suka miƙo mini wata ambulan. Ina buɗewa na ga matar da ke raba wa yara abinci a kicin ɗinmu, da farar hular aiki a kan ɗankwali, riƙe da ludayi. A bayan hoton an rubuta da Turanci cewa ita ce ta sa mai aikowar ya zama malami. Sa hannun ma ban tsaya karanta shi ba.

Na san matar sarai. Dattijuwa ce 'yar Gana, Hajiya muke ce mata, kuma mu biyu ne kawai masu jin Hausa a ma'aikatan. Maimakon hakan ya haɗa mu, ni dariyar Hausarta nake yi a zuci. Ga shi tana ba ni haushi da wani hali nata: ba ta zuba wa yaro abinci sai ta nuna masa allon da ake rubuta abincin ranar ta ce ya karanta mata abin da yake so. Layi ya yi ta tsawo, mu masu tsaron yara muna tsaye da yunwa. Har ƙararta na taɓa kaiwa ofis.

Raina ya ɓaci da hoton. Na ce wato duk manyan mutanen da muke da su, sai a nuna wa yaranmu baƙar mace da ludayi? Ban tambayi kowa ba, na cusa shi ƙarƙashin littattafan da nake dubawa, na cike gurbinsa da wani da na samo a intanet. Ina jin kaina a matsayin wadda ta kare mana mutunci.

Ranar taro ɗaki ya cika. Can sai ga Hajiya ta shigo, da ƙyar na gane ta. Ta sha farin leshi da mayafi, 'ya'yanta biyu da jikoki suna biye da ita. Ta nufi bangon ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da ido, har ƙarshe, ta sake dawowa farko. Jikarta ta ja mata mayafi tana tambaya da Turanci, "Kaka, ina naki?" Hajiya ta nemi kujera a can baya ta zauna.

Babban baƙon taron shugaban wata sakandare ne daga Manchester, baƙar fata, dogo, da furfura a gemu. Ya fara da cewa a Aston aka haife shi, kuma a wannan ɗakin ya ci abincin rana yana yaro. Ya ce ya kai shekara tara bai iya karatu ba, an mayar da shi bayan aji an sallama shi. Wata rana mai raba abinci ta nuna masa allo, ya kasa. Ba ta ce masa komai ba a gaban yara, amma da aka tashi ta tari mahaifiyarsa a bakin ƙofa. Daga ranar kowace Asabar yana falonta tana koya masa karatu. Ya ce matar, wato Hajiya, shugabar makaranta ce a Kumasi, can Gana, kafin ta biyo mijinta, da ta zo nan aka ƙi karɓar takardunta, ta ɗauki aikin kicin.

Sannan ya ce duk malamin da ya taɓa zaman karatu a falon Hajiya ya miƙe. Kujeru suka fara motsi. Na ƙirga mutum shida, cikinsu har da wadda ajinta ke jikin nawa, wadda muke shan shayi tare kullum.

Ya juya wajen bangon yana murmushi don ya nuna hoton da ya aiko. Ya duba, ya sake dubawa, murmushin ya ɓace. Ya tambaya ko saƙonsa bai iso ba. Shugabarmu ta waiwayo, ɗakin gaba ɗaya ya waiwayo tare da ita.

Zan iya cewa ya ɓace, kuma ƙaryar ta zo mini har baki. Amma na tashi na tafi aji, na ɗaga littattafan. Ga hoton nan, da zagayen tabon kofin shayina a kan farar hular. Haka na ratsa mutane da shi na liƙa a tsakiyar bangon. Aka yi tafi mai tsawo, amma ni ban iya ɗaga kai ba.

Da aka watse na same ta a kicin, ta ɗora rigar aiki a kan leshin tana goge tebur. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Ni na ɓoye shi."

Ta ce, "Na sani. Ludayin kika ji wa kunya, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Tashi, 'yata. Ni ma na ji kunyarsa shekara biyu cur, kullum sai na yi kuka a bas. Daga baya na gane duk makarantar nan ni kaɗai ce kowane yaro yake tsayawa a gabana kullum." Ta matse tsumman hannunta. "Amma wancan complain da kika kai a kan layi, shi ya fi yi mini ciwo. Da kin zo kin tambaye ni."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ta sa hannu a aljihu ta ciro 'yar takarda a ninke, da sunaye biyu a ciki.

"A class ɗinki suke. Ba karatu suke yi ba, haddacewa suke yi. Suna jin abin da na gabansu ya faɗa su maimaita. Tun farkon term nake so in ba ki, amma ba kya tsayawa."

Yaran nan biyu, da hannuna na rubuta wa iyayensu cewa karatunsu yana tafiya daidai. Ranar Litinin na ba kowannensu littafin da bai taɓa gani ba. Ko layin farko ba su fitar ba.

Hajiya ta yi ritaya a ƙarshen shekarar. Hoton yana ajina har yau, da tabonsa, ban yarda an sake wanko wani ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne in daina auna mutum da abin da ke hannunsa, kuma kafin in yanke wa wani hukunci in taka in tambaye shi. Na yi ta haƙilon nemo wa yara abin koyi daga nesa, alhali malamar da ta fi ni sanin ajina tana zuba mini shinkafa kullum, ina yi mata tsaki don ta tsayar da layi.