Ƙafar Mai Jan Wando

Duk mutanen layin da sunan Na-Ƙasa suka san shi. Masu kawo ɗinki haka suke kiransa, mai sayar masa da zare ma haka, har matarsa idan ya ɓata mata rai takan ajiye "Baban yara" gefe ta ɗauko wannan. Tela ne mai hannu, ba ya cin yadin mutane, ba ya saɓa alkawari sai da ɗan dalili. Aibinsa ɗaya, bai iya mantuwa ba.

Yayansa ne ya raɗa masa sunan. Suna samari akwai wata na'urar gem, wato wasan bidiyo, a shagon aski na bakin titi, doguwa kamar firji. 'Yan faɗa biyu ne a cikinta, mai jan wando a hagu, mai shuɗin wando a dama. Ƙa'idar shagon kuwa, babba ke zaɓar gefe. Kullum Yaya hagu yake tsayawa, ya durƙusar da mai jan wando, ya yi ta sharɓen ƙafa har mai shuɗi ya miƙe a ƙasa. Sai ya juya ga masu jiran aski ya ce, "Ku ɗaga min Na-Ƙasa, kada a taka shi."

Daga baya rufin shagon ya yi yoyo, ruwa ya kashe na'urar. Mai askin ya kwashe kayan cikinta ya mai da ita kabad ɗin tawul. Yaya ya yi tuƙin babbar mota har ya ajiye, ya yi furfura, ya yi jikoki, amma ba a yin taron dangi bai ba da labarin ba, kuma kowace shekara dukan ƙaruwa yake. Tela ya yi dariyar yaƙe, ya koma shago ya huce a kan keken ɗinki. Abin da ke cinsa shi ne filin ramuwar ma ya zama wurin ajiye tawul.

Babbar 'yarsa gyaran kwamfuta take yi. Wata rana da hantsi ta shigo shagon, ta ture tarin yadi, ta buɗe kwamfutarta a kan teburin yanka. Wani kiɗa mai ƙarar gwangwani ya tashi. Tela ya saki almakashi.

"Ke! Ina kika tono wannan mamacin?"

"Bai mutu ba, Baba. Akwai masu bin tsofaffin na'urori suna kwafe gem ɗin daga cikinsu kafin su ruɓe. Sai a haɗa shi da emuleta."

"Wace ce ita kuma?"

"Manhaja ce. Tana sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar na'urar, gem ɗin ya ɗauka yana gidansu."

"Wato an ɗinka wa kwamfuta rigar na'urar."

"Haka ne. Har da inda rigar ta yage ake kwaikwaya. Masu adanawa ba sa gyara komai, sun ce idan an gyara ya zama wani abu daban."

Ta nuna masa abin da na'urar shagon aski ba ta taɓa iyawa ba: ana tsayar da faɗan cak, a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan. Ya ce ta tsayar daidai inda su biyun suka miƙe ƙafa. Ya daɗe yana kallo. Idon da ya saba gano hannun riga ɗaya ya fi ɗaya ya ga wani abu. Ya zare tef ɗin awo daga wuyansa ya ɗora a kan gilashin. Ƙafar mai jan wando ta fi ta mai shuɗi tsawo da faɗin ɗan yatsa.

Ya sake awo, ya zauna a hankali.

"Rabin rayuwata," in ji shi, "ashe gajeriyar ƙafa aka ba ni."

"Akwai wanda wasu suka daidaita ƙafafun. In sa maka shi?"

"Kul! Bar min shi da yagewarsa."

Daga ranar masu ɗinki suka shiga uku. Mai jiran wando ya zo ya tarar tela na sharɓen ƙafa, a ce masa ya dawo jibi. Matarsa ta ce tsufa ya zo masa ta bayan gida. Shi ko a jikinsa. Damuwarsa ɗaya, Yaya ba zai taɓa sakin hagu ba, girma ne ya ba shi. To, tela mai aiki da zare ne. Ya ɗauki wayoyin rimot biyun da ake buga gem ɗin da su ya saƙala su a ƙarƙashin tebur, ya lulluɓe da ƙyalle. Rimot ɗin da ke kan kujerar hagu ya zama na mai shuɗi.

Ranar hutu da la'asar falo ya cika da dangi. Yaya ya shigo da matarsa da jikoki, ya ji kiɗan, fuskarsa ta washe.

"Na-Ƙasa, ashe kewar ƙasa kake yi? Ku share masa wuri."

"Bismillah, Yaya. Babba ke zaɓa."

Yaya ya baje a kujerar hagu, ya gyara tabarau. Aka fara. Ya danna durƙuso da sharɓe kamar yadda ya saba. Tela ma abin da ya danna ke nan. 'Yan faɗan biyu suka durƙusa suna harbin ƙafa, ta mai ja na isa, ta mai shuɗi na dukan iska.

"Ku gani, yara!" in ji Yaya, idonsa a kan mai jan wando. "Hannu bai manta ba!"

Mai shuɗi ya miƙe a ƙasa. Yaya ya ɗaga hannu, jikoki suka yi tafi. Tela ya bar shi ya sake ci, ya sake ci, har ya fara ba da labarin shagon aski da sabon ƙari. Da aka shiga zagaye na gaba, tela ya ce, "Yaya, ɗan ajiye rimot ɗin ka sha ruwa."

Yaya ya ajiye ya ɗauki kofi. Mai shuɗi ya tsaya ƙiƙam. Mai jan wando kuwa ya taka a hankali, ya durƙusa, ya sharɓe shi.

Matar Yaya ce ta fara fashewa da dariya, har tana riƙe ciki.

"Malam, ashe tun ɗazu kai ake duka kana yi wa kanka kirari?"

Yaya ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗaga ƙyallen, ya ga saƙar wayoyi.

"Wannan ai cuta ce! Kowa ya san ƙafar jan ta fi tsawo!"

"Au, kowa ya sani?" in ji tela da murya mai sanyi. "Tun yaushe ka sani, Yaya?"

Yaya ya kalli silin. Wata jikarsa ta ja masa riga ta ce, "Kaka, to yanzu wane ne na ƙasa?"

"A sauya, a sake!" in ji Yaya.

Tela ya rufe kwamfutar, ya miƙa wa 'yarsa. "Tsohuwar na'ura ce, Yaya, ta gaji. Sai an ga hali."

A bakin ƙofa Yaya ya daɗe yana neman takalminsa alhali yana gabansa. Ya buɗe baki zai yi sallama.

"To, Na..." Ya hango matarsa tana jira da dariya a baki. Ya haɗiye sauran. "To, Malam Tela. Yaushe zan zo a gwada ni? Ina da yadi."

"Zo gobe," in ji tela. "Amma fa akwai mutane a gabanka."