Lifin Baba

Kakata Inna Ige ba don ɗumi take hura wuta a farkon damina ba. Wa zai nemi ɗumi a zafin ƙasar Sakkwato? Hayaƙi take turara wa awakinta saboda sauro, da ɗanyen ganye da busasshen kashin shanu, mu kuma jikoki mu zagaye wutar muna tari muna hawaye, don mun san da ta gama ɗaure awaki za ta ba mu tatsuniya. Gidanmu yana cikin ƙauyukan Danchadi. Ita daga Horo Birni aka auro ta, kuma har ta bar duniya ba ta yarda geronmu ya kai na garinsu daɗi ba.

Maraicen da ya fi zama mini a rai shi ne na shekarar da babana ya zo lifi, a zamanin Turawa. Mazanmu sun saba fita cin rani: a gama girbi a tafi, hadari na haɗowa a dawo. Babana ma haka ya fita, sai ya samu aikin lebura a hanyar jirgin ƙasa wajen Gusau, damina ta zo ta wuce ba a ga ƙeyarsa ba. Da ya tashi zuwa, ya zo da akwatin ƙarfe da kalmomin Nasara guda uku. Ya baje a tabarma yana yi mana bayaninsu, shi a dole ya waye.

"Birek shi ne ɗan lokacin da heluma, babban leburori, ka busa usur, ka aje diga ka sha hura. Of yini guda ne, ka wanke riga. Lifi shi ab babba, shi yak kawo ni gida."

Babana ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana baki da baki. Kunyar ɗan fari ke nan. Sai ta dube ni.

"Ke Hajo, tambayi mai akwati, in sun ƙare mi aka yi?"

"Ce mata sai a koma aiki," in ji Baba.

"Duk ukun?"

"Duk ukun."

"Af," ta ce, tana gyara igiyar akuya. "Ashe mu nan tsakanin aiki da aiki muke."

Bayan 'yan kwanaki ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙe har gwiwar hannu. Washegari kowa zai fita gona, kuma washegarin ne lifin Baba yake ƙarewa. Ba mu da wani namijin da zai riƙe sungumi ya sara rami mu bi shi da iri. A shekarar da ta wuce maƙwabta ne suka shuka mana bayan sun gama nasu, abin ya ci wa Inna rai ƙwarai. Tana so ya zauna, bakinta kuma ba zai iya faɗa masa ba. Shi ya sa bayan isha'i ta ɗaga murya fiye da kullum, shi yana zaune bakin zaure kamar ba ya ji.

"To ga ta hwa ta taho, ku buɗe kunne."

"Ta iso lafiya, Inna," muka ce.

Wai wani saurayi ne ya kama kiwo wurin sarkin aljanun gulbi. Abinci sai ya ture, riga sai ya zaɓa. Da kewar gida ta dame shi, sarki ya ce ya je, amma da inuwar rumbun uwarsa ta taɓa turmi, ya taso. Ya zo, uwa ta dama masa fura, ya ɗauki ludayi, ido na kan inuwa. Tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda aka haifa, yana cewa "uhm, uhm," ido na kan inuwa. Kafin ya kai rabin ƙwarya inuwa ta taɓa turmi, ya zabura. Haka aka yi ta yi, zuwa bayan zuwa, har ya tsufa sarki ya ce ya sallame shi. Ya dawo gida, babu mai kiransa, babu mai jiransa a gulbi. Amma wuyansa ya riga ya karkace wajen inuwa. Ko an ba shi fura, rabi yake sha ya miƙe tsaye.

"Sai shi tahi ina, Inna?" ƙanena ya tambaya.

"Ba shi da inda za shi, ɗan nan. Tsayuwa dai shika yi." Ta tura itace cikin toka. "Iyakarta ke nan, ni ma na gaji. Ku tashi."

Ba mu ji daɗin tatsuniyar ba, wallahi. Babu waƙa, babu kura, babu abin dariya. Na waiga zaure na ga Baba ya sunkuyar da kai. Na kwanta ina murna, na ɗauka an gama magana, Baba ya fasa tafiya. Da safe ya ɗora akwati a ka, ya durƙusa daga nesa ya ce a gaya wa Inna ya tafi, kada motar Bodinga ta bar shi. Ba ta ɗago ba. Ita ta ɗauki sungumi a ranar, tsohuwa da ita, ni da uwata muna bin ta da iri, tana sara tana tsayawa ta dafa ƙugu.

Ban ga laifin Baba ba a yanzu. Aikin nan shi ya rufa mana asiri a shekarun da gero ya ƙi. Amma lokacin da aka yi masa ritaya ya dawo gaba ɗaya, Inna ta daɗe a ƙasa, shi kuma zama ya gagare shi. Ya fita zaure, ya dawo, ya leƙa hanya. Har ya rasu bai saba da garin da aka yanke masa cibiya ba.

Da na girma na ji kalmomin nan sun cika bakin kowa, har ni ina faɗarsu. Na lura duk wanda ya ce ya samu birek, ko of, ko lifi, ya riga ya faɗa maka inda ainihin zamansa yake, kuma ba wurinka ba ne. Inna ba ta san ko harafi na Turanci ba, ta dai ji zafin abin tun ranar farko.

Kwanan baya babban ɗana ya aiko daga Kaduna, wai ya samu lifi yana tafe. Na yi murna, Allah ya sani. Na ɗauki tsintsiya da wannan bayan nawa mai ciwo na yi ta shara, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Sai da na gama na miƙe na ga ashe ɗakin baƙi na share. Ɗakinsa kuwa mun daɗe da zuba albasa a ciki.