Sunan da Anka Rubuta Bakin Rijiyar Mandera

Hassan ɗan kwangila ya saci sunan mutum, kuma da rana tsaka ya yi satar. Ni Shatu ban iya karatu ba, amma Na'Allah tela ya karanta min abin da ke jikin simintin sabuwar rijiyarmu ta Mandera: sunan Hassan da shekarar 'yancin kai. Babu Mainasara.

To ku ji wane ne Mainasara. Da an sallame asuba shina bakin rami da diga da igiya. Sai ya zura fitila. In ba ta mutu ba, ya yi bisimilla ya sauka. Haka ya yi shekara arba'in, daga Bodinga har ƙauyukan Shagari. A ƙasarmu rijiya da sunan maginin ta ake kiranta, ta nan jikoki ke sanin waɗanda sunka zaunar da gari. Tsoffin rijiyoyin Sifawa, babu wadda bai yashe ba, babu wadda bai san mai ita ba.

Tamu gaba goma sha takwas ce. Da anka kai dutse, Hassan ya ce a bari.

Mainasara ya ɗebo ƙasa ya shinshina. "Ranka shi daɗe, ruwa na nan ƙasa."

"Hanci ka ke gina da shi, Baba?"

"Kai da takalmi ka ke yi, ai ba ka taɓa sauka ba."

Kwana tara yana sarar dutsen. Indo maƙwabciyata ce ta fara jawo guga cike, ta zauna ƙasa tana kuka. Da can sai mun yi tafiyar rabin wuni da tulu.

Baba Mainasara, kai ne ka sauke muna tulun nan. Yanzu ƙirji ya hana ka sauka, ka rataye igiya. Na kai maka maganar rubutun nan, ka yi dariya ka ce, "Shatu, ruwan na fitowa? To ya isa." Kai ya ishe ka, mu bai ishe mu ba. Mun gode, Allah shi shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Samari, ku je ku koya tun shina gane ƙasa.

Mu mata Rijiyar Mainasara muke cewa, amma mu za mu mutu, siminti zai saura. Muna son Hassan shi zo gaban dattawa shi faɗi wa ya sauka ramin nan. Sa'an nan shi kawo kurfin sassaƙa shi gyara rubutun, tun Mainasara na da rai.