Kwanakin Ɗan Farina a Ruwa

Wa ya kamata in bi ranar nan, mijina da ke kwance ko ɗana da ke kan ruwa? Shekara guda ke nan ina tambayar kaina. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta wannan. Na ce mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kuma kada ta gyara mini magana.

Mu mutanen Yawuri ne. Malam, mijina, a kwale-kwale ya tsufa, yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa. Ɗanmu ne ya kawo mu garin Sterling, nan ƙasar waje, da ƙafafun uban suka fara kumbura. Ba na faɗin sunansa, ɗan fari ne. Kakarsa ta yaye shi ta riƙe shi, shi ya sa har yau Yaya yake ce mini. Ban taɓa zama na yi hira da shi ido da ido ba.

Ya daɗe yana tuƙa motar kaya a filin jirgin sama. Rana ɗaya ya ce ya gaji da kwalta, ruwa yake so. Akwai wasu ƙananan jirage masu ƙarfin tsiya da ke ja ko tura manyan jiragen ruwa, su yake so ya tuƙa. A ƙasar nan kuwa ba a ba mutum jirgi sai da lasisi.

Wata Asabar da hantsi ya shimfiɗa takardu biyu a gaban uban.

"Baba, hanya biyu ce. Wannan makaranta ce kusa da Baltimore, shekara biyu, rabi aji rabi ruwa, zan riƙa leƙo gida. Wannan kuwa in shiga jirgi can kudu ina jan igiya, ana ƙirga mini kwanakin da na yi a ruwa. In sun cika in zauna jarrabawa. Ita ta fi daɗewa."

Malam ya yi dariya har da tari. "Ruwa a aji? Allon za su jiƙa maka? Ni wa ya ba ni takarda?"

"Ai Baba, an ce sau biyu ka kifar da albasar mutane."

"Sau ɗaya! Na biyun dorina ce. Je ka ja igiya, hannunka ya yi kanta tukuna."

Sai yaron nan, mai furfura a gemu, ya juyo gare ni. "Yaya, ke fa me kika gani?"

Bai taɓa tambayata komai ba sai ranar. Makarantar nake so. Ni ke shafa wa ƙafafun uban magani, na san yadda yatsa ke lumewa a cikinsu. Amma uwa ta sa baki a sha'anin ɗan fari, a gaban ubansa? Na dubi bango na ce miya na kan wuta, na tashi.

Ya tafi kudu. Sati huɗu a jirgi, biyu a gida. Kafin tafiyar farko ya sa hotonsa a wayata, ya ajiye ta kusa da ni, yana kallon ƙasa. "In wani abu ya taso, nan kawai za ki danna."

Malam ya samu gwangwanin madara, kullum bayan sallar asuba ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a ciki, yana ƙirga kwanakin yaron a ruwa. In yaron ya dawo su zauna su zube su, suna musu. Shi ya ce rabin yini ba ya shiga lissafi, uban ya ce ruwa bai san rabin yini ba. Ban taɓa ganin Malam da farin ciki irin na shekarun nan ba, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Saura kwana goma sha ɗaya lissafin ya cika, numfashin Malam ya sarƙe. Ranar Talata aka kwantar da shi. Ya hana kowa kira. Ya ce in yaron ya sauka a tsakiyar aiki wani za a sa a gurbinsa, sai ya sake jiran layi. Da yamma aka sa masa na'urar numfashi, bai ƙara magana ba. Surukata, matar yaron, ta ce, "Mama, mu kira shi mana." Na ce Malam ya hana. Ranar Alhamis ta kira da kanta, amma jirginsu ya riga ya fita teku da kaya. Juma'a Malam ya cika. Abokan masallaci suka kai shi.

Kwana biyu da binnewa ɗana ya iso. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Yaya, ranar Talata muna tasha. Har Laraba da azahar muna tasha."

Ya koma ya cika kwanakinsa, amma har yau bai zauna jarrabawar ba. Yana gaishe ni safe da yamma, ba abin da na rasa. Bai sake tambayata me na gani a kan komai ba.

Ranar Talatar nan, bayan la'asar, mu biyu ne a ɗakin asibitin. Na fito da wayar daga bakin zanena, hoton yana kallona, yatsana na kansa. Malam ya buɗe ido. Ya daɗe yana tara numfashi kafin ya ce:

"Ajiye ta, Hajiya. Mai riƙe da igiya ba a sa shi waiwaye. Ɗaga mini filon nan, ki dawo ta nan inda zan riƙa ganinki."