Akwatin Iska

A layin masu gyara, ƙarƙashin gadar sama, akwai wani tsoho da ake ce wa Dabara. Kada ku gan shi yanzu zaune baki sake kamar wanda aka aika ya manta saƙo. A zamaninsa wannan kan tafasa yake yi. Shi ya mai da injin wanki abin markaɗe, shi ya ƙera fankar da ke juyawa duk inda mutum ya koma. Matarsa takan ce ranar da ta yi sake, har tukunyarta sai ya sa wa taya.

Ba ya zane, ba ya awo. Sai ya tsura wa tarkace ido har ya ga abin a haɗe cikin kansa, sannan hannu ya bi.

Da aka buɗe gadar, manyan motoci suka riƙa cunkushewa suna yi musu tusar baƙin hayaƙi, janareton kowane shago na amsawa. Masu basirar layin suka tattara suka koma bayan gari. Shi ya ce ƙarfe ba ya tari.

Ƙarfe ba ya tari, amma matarsa tana yi, ga ɗakinsu a bayan shagon.

"Injiniya," ta ce, tana dafe da ƙirji, "kai da ka koya wa fanka bin mutum, iska mai kyau loma ɗaya ta gagare ka?"

"Ba ni kwana biyu."

"Na san kwana biyunka. A cikinsa na yi furfura."

Ya zauna zai ƙera akwatin da zai zuƙi iskar ɗaki ya tace ta, aikin da a da zai hango kafin shayi ya huce. Ya tsura ido, siffar ta fara haɗuwa, sai ciwon kai ya sauko, komai ya dushe, kamar hayaƙin ya sami ƙofa ya shige ƙwaƙwalwa. Ya ɗauki wayar wuta, ya manta inda za ta. Likita ya ce su bar unguwar, daga ita har shi. Ya ce sai ya gama. Namiji ke nan, ana nuna masa ƙofa, yana neman guduma.

Ya gama kuwa, bayan an watse daga zaman makokinta. Farin mayafinta ya sa a matsayin matatar iskar. Tun daga nan bai sake ƙera ko maɓalli ba.

Har yau akwatin na tace iska a ɗakin, yana hura wa gadon da ba kowa. Kullum da safe ya zare mayafin, baƙi ƙirin, ya wanke, ya mayar. Fankar ciki takan sarƙe, ta yi wani busasshen kaf-kaf kamar tari kafin ta kama.

Maƙwabcinsa mai walda ya ce, "Baba, ai ɗan mai kawai take so."

Dabara ya ce, "Bar ta. Haka take yi in ta farka."