Rigar da Baba zai kai fada

Mahaifina shi ne mai bugun kayan shugaban ƙasarmu na farko. Mabugi da gungume kawai ke gare shi, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse da hannunsa aka karɓo 'yancin kai. Maigida yake kiransa. Ya san ranar da Maigida ya sha wuya a taro, don gumin wuyan riga ba ya ɓoye masa komai. Da sojoji suka kifar da mulkin, Baba ya ƙetaro hamada zuwa Tamanrasset, kuma bai taɓa yin takardar zama ba. Wai shi baƙon kwana biyu ne, da an saki Maigida zai koma. Aka saki Maigida, har ya rasu. A tsakanin nan aka haife ni, na yi tawa takardar, na buɗe shago a kasuwar Assihar, Baba yana nan yana jira.

Da tsufa ya taɓa masa hankali, sai ya koma bakin aikinsa. Kullum da safe ya buge wata farar shadda, ya ninke ta, ya ce zai kai fada. Shi ya sa nake kulle ƙofar gidanmu na unguwar Tahaggart in zan fita. Ranar da na manta, ranar aka yi kamen marasa takarda.

Na zaga unguwa kamar mahaukaci. Sai bayan azahar na same shi a filin da ake tara mutane kafin a kwashe su zuwa iyaka, yana zaune a rana da rigar a cinya. Tsohon da ba ya iya shan ruwa sai an riƙe masa kofi. Na san ba zai kai ƙarshen wannan hanya shi kaɗai ba.

Jami'in buro, wato ofishin wurin, ya ce ba su san ko shi wane ne ba, in kawo wata shaida. Na koma gida a guje na ɗauko katin aikinsa na fada, mai hatimi, wanda yake ajiye a gwangwanin shayi. Tun ina yaro Baba ke cewa babu ƙofar da katin nan ba ya buɗewa, ni kuma, da furfurata, ashe ban daina yarda ba. Da hannu biyu na miƙa shi.

Jami'in ya juya katin gaba da baya. "To, ɗan Nijar ne ke nan," ya ce, ya rubuta sunan Baba a jerin masu tafiya.

Da na yi shiru, wataƙila da sun gaji da tsohon da ba shi da ƙasa sun ba ni abina. Ni na kawo musu shaidar. Na roƙe shi da Larabci, na roƙe shi da Faransanci, na durƙusa a gaban teburinsa ina kuka, ban ji kunyar kowa ba. Ya ce abin da aka rubuta ya rubutu.

Da aka fara loda kamiyo, babbar motar kwasar mutanen, Baba ne ya fi kowa murna. Ya leƙo ta kan katako ya gan ni.

"Ka ga, sun aiko mota. Na faɗa maka Maigida ba ya mantuwa."

"Baba, ba fada za a ba."

"Kai dai ka cika gardama. Tun kana ƙarami."

Ina da mata da 'ya'ya uku a gida, ga takardata lafiya lau a aljihu. Na ba wani maƙwabcina da ya biyo ni makullin shago, na ce ya gaya wa iyalina abin da ya gani. Na kama ƙarfen motar na hau. Ba wanda ya hana ni, mai hawa ba a tambayarsa takarda.

Na matsa kusa da Baba ina neman wurin zama. Ya dafa ƙirjina ya ture ni kaɗan.

"A hankali," ya ce. "Kada ka zauna a kan rigar."