Irin Wiwi a Kwalbar Zuma

Shekarar da aka yi juyin juya hali a Alƙahira na bar unguwar Darrasa na koma unguwar Ainu Shams, na haɗa ɗaki da wani ɗalibi ɗan Maroko. Fiƙihu muke karantawa dukanmu. Kullum jirgin ƙasa na metro ya matse mu ya tofar, mu dawo mu zube, ba mai ƙarfin ɗora shayi.

A saman kabad ɗinsa akwai kwalbar zuma cike da wasu ƙwayoyi. Na ɗauka abincin tattabaru ne. Sai da muka saba ya gaya mini irin wiwi ne, wanda ake yin hashish da shi.

Na ce, "Ustaz guda da kai?"

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ɗan'uwa. Amanar mahaifina ce."

A duwatsunsu, in ji shi, tun kakanni ake zaɓen irin nan: gajere, mai jure fari, ruwan sama kaɗai ya ishe shi. Turawa suka kwasa suka haɗa shi da wasu, suka dawo da sabo mai yawan danƙo da shan ruwan tsiya. Maƙwabta suka shuka, iska ta riƙa kwaso garin furensa zuwa gonar tsohon, nasa yana gurɓata. Shi ne ya ware na ƙarshe mai tsabta, ya ba ɗansa ya kai inda iskar ba za ta iske shi ba.

Ni ɗan manomin gero ne, na san iri ba ya son zaman kwalba, shuka shi ne ajiyarsa. Na gaya masa, ya ce ya sani. To, ina zai shuka? A baranda, ga maigadin gidan da ko ƙuda ba ya wuce shi, sannan da safe ya tafi karanta hukuncin kayan maye? Zubarwa kuma ba zai iya ba. Gaba kura, baya siyaki. Haka kwalbar ta yi ta shan zafin Alƙahira, ana ɗauke wuta ana kawowa, har na gaji da yi masa tsiya, na koma jin tausayinsa.

Da muka gama ya tafi da ita gida. Bayan watanni ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Tsohon ya shuka, kullum yana hawa dutse ya duba, ko ɗaya bai tsiro ba. Na rasa ko hamdala zan yi ko jaje.

Na ce, "Ya yi maka faɗa?"

Ya ce, "A'a. Cewa ya yi ƙasar ce ta gaji."